Ranar Nara da Bangon Ɗakin Kaka

Kun gani, kun kau da kai. Kada wani ya ce mini bai gani ba, don hotunan nan biyu a jere na saka su makon jiya. Ɗaya na Issouf ne, tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa a Osaka, da baƙar rigar sanyi, hannu cikin aljihu. Ɗayan kuma bangon ɗakin kakata ne, wanda ya tsage tun daga indararo har gindi. Na Issouf kuka yi wa ca. "Masha Allah, ango ya yi fari." "Souwaiba, don Allah yana da ƙane?" Na bangon kuwa mutum ɗaya ce ta tsaya, ta rubuta "Allah ya kyauta", ta wuce abinta. Alhali rabinku ta lungunmu na Amarewat kuke bi da moto, wato babur, in za ku kasuwa, kuna kauce wa tulin ƙasar gidan da ya zube da damina kamar kuna kauce wa akuyar da ta kwanta a hanya.

Soyayya kuka zo karantawa, na sani, kuma zan ba ku. Amma yau sai kun haɗiye ta tare da bangon, don ni ma a kwano ɗaya aka zuba mini su.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Souwaiba. Na karanta zanen gine-gine a Yamai, na dawo Agadas ina aiki da wata 'yar ƙungiyarmu ta matasa da ba ma son tsohon gari ya narke muna kallo. Tun rasuwar iyayenmu, ni da ƙanwata Biba muke zaune gidan kakarmu ta wajen uwa, Nana Khadija. Mai faɗa a ji a gidan shi ne ɗanta, Kawu Tijjani, wanda kamiyonsa ke kai kaya Dirkou. Issouf kuma ɗan Anou Araren ne, ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi Japon karatun injinan lantarki, shekara uku ke nan. Danginsa sun kawo goro, an sa rana. Za a ɗaura auren da wakilinsa, sannan in bi shi.

Ku da samarinku ke zuwa ƙofar gida suna ƙamshin turare, ku gode wa Allah. Ni zancena da hantsi ake yin sa, ina zaune ƙarƙashin rumfa, salula jingine da randa, saboda lokacin da rana ke ɗagawa a nan, a can faɗuwa take yi. Kuma ba "ina sonki, ina sonka" muke ta yi ba. Wannan mun faɗe shi tun shekarar farko har ya daina isar mu. Abin da ya riƙe mu yini guda ne da bai zo ba tukuna: ranar da za mu shiga jirgin ƙasa daga Osaka mu je Nara, mu yini, mu dawo da yamma.

Nara tsohon birni ne, can da daɗewa nan sarakunansu suka zauna. Daga inda Issouf yake tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma har yau bai taɓa zuwa ba. Abokan karatunsa sun je sun dawo, sun sake komawa, sun ja shi ya ƙi. "Na ajiye miki shi," haka ya rubuto mini. "Ba na so in riga ki ganin komai." Ku gaya mini wadda za ta karanta wannan ta iya cin abinci ranar. Saboda haka duk abin da muka sani game da garin, daga hotuna da taswira da bakin abokansa muka tsinto shi, muna ɗorawa kaɗan-kaɗan.

Ranar Alhamis da ta wuce, ina sanye da tsohon zanena mai ruwan goro da ɗankwalin da na ɗaura ba madubi, ya kira. Biba tana tankaɗe a gefe. Kaka tana kan tabarmarta da butar shayi bisa gawayi, ta juya mana baya wai ba ruwanta, amma kunnenta na wajenmu.

"Bon, Madame l'architecte," in ji shi, "mu koma farko. Mun fito daga gida, mun iso tashar Namba."

"Ina riƙe da me?"

"Kartinki na jirgi. Ki ɗora shi kan ƙofar, ta yi ƙara, ta buɗe. Kada ki tsaya kina yi mata godiya, akwai mutane a bayanki."

"Kujerar taga nake so."

"A wannan jirgin ba a zaɓar kujera. Wanda ya samu ya zauna."

"To in ɗaya ce, kai ka tsaya."

"Dama na sani."

Kaka ta juyo da kofin shayi a hannu. "Kai, angona, mi ka ce? Jirgin nan, in ya cika yake tashi?"

Tun ranar da aka kawo goro take kiran sa angonta, shi kuma ya ce mata amaryar gaskiya, ni ce ta aro.

"A'a, Hajiya Kaka. Lokacinsa in ya yi, ko mutum ɗaya ne a ciki tashi yake."

"Asara! Direban bai da iyali?"

Biba ta saki rariya tana dariya.

"To in mutum yana alwala fa? Ba a aikawa a ce a dakata, Hajiya tana tahe?"

"Ba a dakatawa. Sai dai ta jira na baya."

"Allah ya kiyashe mu. Wanga ba mota ba ce, ajali ne." Ta kurɓi shayinta. "Souwaiba kuwa da sai ta canza ɗankwali sau uku kahin ta hita, ai a tasha za ku yini."

Na yi dariya tare da su. Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba. A Yamai ƙarfen dogo kawai na gani kwance a gefen hanya, ban ga abin da ke bin kansa ba. Sai da na ce wa Issouf wata rana ya ɗaukar mini sautinsa kawai, ba hoto. Ya turo mini vokal: ƙararrawa mai daɗi kamar ta wasan yara, muryar mace tana sanarwa da yarensu, ƙofa ta rufe, sai wani gunji mai laushi da ke ƙaruwa. Ina da shi har yanzu. In kewa ta dame ni, shi nake sawa a kunne ina wanke-wanke.

"Mun sauka," ya ci gaba. "Mu miƙe gabas a ƙafa. Nan za ki fara ganin barewa."

"A cikin gari?" in ji Biba.

"A cikin gari, a kan hanya, gaban butik. Ana sayar da wani biskit nasu. In kika ɗaga shi, sai ta sunkuyar miki da kai kamar mai gaisuwa."

"Ba mai yankawa?" Kaka ta tambaya da gaske.

"Haramun ne a dokarsu, Hajiya Kaka."

"Ku ɓoye wa Tijjani labarin nan, kada ya tahi da kamiyo."

Daga barewa sai babban ɗakin bautarsu na katako, wanda muka yi mako guda muna gardama a kansa. Issouf ya ce akwai gunki a ciki, ƙato, shi zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba. Na ce ni ba wajen gunki za ni ba, ginshiƙai za ni gani, in ga yadda aka haɗa itace da itace ya ɗauki rufi irin wannan. Muka tsaya a kan ni in shiga in ɗaga kai sama, shi ya jira ni a waje da jakarmu. Azahar kuma ya ce an gaya masa akwai wani gidan karɓar baƙi kusa da tafki da ya ware ɗakin salla, can za mu yi. Abinci ne Kaka ta karɓe da kanta. Ta riga ta yi wa mai kilishi magana, ta aika a kawo cuku.

"Nama ba ya shiga ƙasar, Hajiya Kaka. A filin jirgi za su karɓe."

"Su ci?"

"Su zubar."

Ta dafe ƙirji kamar an gaya mata rasuwa. Sannan ta ce, "To dabino fa? Ko shi ma ya yi musu laihi?"

Maganar kaya ma ba ta ƙare ba. Kaka ta ce da turkuɗinta zan fita ranar, wanda aka kai ta gidan miji da shi, da rigar nan baƙa mai aikin fari da ja a wuya, da sarƙar azurfa. Issouf ya ce sanyi ake shiga, in sa riga mai kauri da takalmin basket don tafiyar ƙafa ce yini guda. Biba ta ce in na haɗa turkuɗi da basket kada in ce ni 'yar'uwarta ce. Ni dai na san zan sa turkuɗin. Ina so shuninsa ya bar mini alama a goshi a ƙasar da ba wanda ya san mene ne shi.

Amma abin da nake jira a duk yinin nan ba barewa ba ce, ba kuma ginshiƙai ba. Bayan babban ɗakin akwai wani lungu mai hawa, da matakan dutse, bango hagu da dama. Bangon ƙasa. Ranar da Issouf ya turo mini hoton da abokinsa ya ɗauka, sai da na zauna. Ƙasa ce ja-ja irin tamu, an jera gutsattsarin fale-falen rufi a cikinta, an yi mata 'yar hula a ka don ruwa. Mutanen da suka ƙera jirgin da ba ya jiran kowa, su ne kuma suke kwaɓa ƙasa da kara su bar ta ta ruɓe, su gyara bangon kakanninsu, har duniya ta riƙa shiga jirgi tana zuwa kallo. Mu kuwa da muke da gari guda cur na ƙasa, da hasumiyar da ake gani tun daga nesa, mun mai da ƙasa abin kunya. Wanda ya samu ɗan hali sai ya shafe bangon ubansa da sumunti, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bayan damina biyu ya zube, a ce ƙaddara. Ba ƙaddara ba ce. Sakaci ne, kuma namu ne.

"Daga lungun sai mu hau baranda ta sama," in ji Issouf, muryarsa ta yi ƙasa. "Sun ce daga can ana ganin garin duka, rana tana faɗuwa, ganye ya yi ja. Nan zan gaya miki wata magana."

"Gaya mini yanzu."

"A'a. Ta can ce."

Ban kai ga roƙonsa ba muka ji ƙugin kamiyo a bakin lungu, sai sallamar Kawu Tijjani. Na ce wa Issouf zan kira, na kife salular, na gyara ɗankwali na durƙusa.

"Kawu, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata." Rawaninsa duk ƙura, idonsa ja don gajiya. Ya durƙusa ya gai da Kaka, ya karɓi shayi, amma bai zauna ba. Kai tsaye ya nufi ɗakin, ya tura hannunsa cikin tsagar bangon. Hannun ya shige har wuyan hannu.

Bari in gaya muku ɗakin nan. Shi ne mafi tsufa a gidan, mai rufin azara da baka biyu da suka haɗu a tsakiya. Bangonsa na ciki duk zane ne da matan gidan suka yi da yatsunsu, da 'yan ramuka inda Kaka ta jera tasoshinta da kwallaye. Gadonta na itace mai sassaƙa yana nan, da matasan fata masu tuntu. Da zafi ka shiga kamar ka shiga randa. A nan aka sa wa Kaka lalle, a nan aka sa wa Innarmu, da duk wata mace da aka aurar daga gidan nan. Amarya a ɗakin take zaman lalle, daga ƙofarsa ake fitar da ita.

"Na kawo sumunti da ƙarhe," in ji Kawu. "Suna cikin mota. Bayan biki za a rushe shi a yi na zamani."

"Kawu, don Allah. Bangon gabas ne kawai. Indararon ne ya karye, ruwa ya bi jikinsa. Baka lafiya lau suke, na duba. Ana gyara shi."

"Kin duba." Ya juyo ya kalle ni, ba da faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. "Souwaiba, da damina ni na taimaka aka tono mutane daga ƙarƙashin bango irin wanga. Da hannuna. Ke za ki shiga jirgi ki tahi Japon. In ya faɗo wa uwata, wa za a kira? Ke?"

Kada ku ɗauka Kawuna mugu ne, ku masu son kowane labari ya zo da mugu. Mutum ne da ke tsoron ya binne uwarsa.

Ya ciro kwaɗo daga aljihu. "Daga yau ba mai kwana ciki. Inna, ki koma ɗakin yara."

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kofi, ta gyara zama. "Tijjani, rufe. Kai ne babba. Amma ka ji da kyau. Hannuna ba zai taɓa lallen ɗiyar nan ba sai cikin ɗakin nan. Uwarta ba ta da rai ta sa mata, ni ce zan sa. In ba ɗaki, ba lalle. Ku nemi wadda za ta hitar muku da amarya."

"Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka ji."

Biba ta dube ni, na dube ta. Wanda bai san Nana Khadija ba zai ce rigimar tsufa ce, gobe ta huce. Matar da ta yi shekara ba ta taka gidan ƙanenta ba saboda ya sare bishiyar da ubansu ya dasa.

Na matsa gaban Kawu a durƙushe. "Kawu, ka ba ni dama zuwa ranar lalle. In Malam Gambo ya dafa bangon ya ce Kaka za ta iya kwana ciki, ka yarda?"

Malam Gambo shi ne babban maginin unguwarmu, tare suka yi wasan ƙasa da Kawu. In ya ce bango zai tsaya, Kawu ba ya musu.

Kawu ya sa kwaɗon ya rufe ƙofar. "In Gambo ya faɗa da bakinsa, in mai da sumuntina Dirkou, akwai masu so. In bai faɗa ba, ɗakin yana rufe har a rushe shi. Kuma kada ki zo mini da kuka, don ba zan iya ganin kukanki ba, amma ba zan buɗe ba."

Da la'asar na je wajen Malam Gambo da goro a ƙulle. Muka dawo tare, ya duba, ra'ayinmu ya zo ɗaya: a tokare rufin, a sauke rabin bangon, a sake ɗora shi. Aikin ba shi ne matsala ba. Ƙasar ce. Ginin ƙasa ba a yi masa gaggawa. Sai an jiƙa ta, an zuba kara da kashin dabbobi, an tattaka da ƙafa har ta yi danƙo, sannan a rufe ta ta kwana ta kwana har ta ruɓe ta yi wari. Bayan nan a ɗora sahu ɗaya, a bar shi ya sha iska, a ɗora na biyu. In aka yi da ɗanyar ƙasa, zai yi kyau ranar biki, ya tsage kafin zafi. Muka lissafa baya daga ranar lalle, muka ga in ba a tattaka ƙasar Asabar ɗin nan ba, ba za ta nuna a kan lokaci ba.

"Da can," in ji Malam Gambo, "gayya ake kira. Mai gida ya dama fura ya raba goro, unguwa ta kawo ƙafa. Kafin azahar an gama. Yanzu yarana duk sun tahi haƙar zinariya, saura ni da tsofaffi biyu. Lungunku kuma ko amalanke ba ya shiga. Ƙasa da ruwa sai a ka, hannu zuwa hannu, tun daga bakin titi."

Washegari da hantsi na yi wanka na sa atamfata shuɗiya, har da kwalli, kamar mai zuwa neman alfarma. Saƙon Issouf ya riga ni: "Jiya kin bar ni tsaye a baranda ni kaɗai." Da 'yar fuskar dariya. Na kira, na gaya masa komai, ban rage ba.

A bayansa ina ganin ɗan ɗakinsa, da labulen da ya saya saboda zuwana, da kofi biyu da ya jera kan tebur tun watan jiya.

"To in bangon bai gamu ba?" ya ce.

"Kaka ba za ta sa mini lalle ba."

"Wata ta sa miki."

"Issouf."

"Tambaya nake."

"Ba zan fita gidan nan tana juya mini baya ba. Ita ta raine ni. Kuma in na tafi a haka, ina cikin jirgi za a sa wa ɗakin diga."

"Sai a ɗaga. Haka kike so ki ce."

Ban ce ba, amma ya ji. Bara ma an sa rana, ni na roƙa aka ɗaga, saboda ruwa ya yi ɓarna ƙungiyarmu tana tsakiyar aiki. Bai yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya sake bin ofis-ofis ya nemo mini takardar shiga ƙasar, wadda ke da wa'adinta. Ya roƙi malaminsa hutun 'yan kwanaki, na ƙarshe kafin ya shiga aikin masana'anta inda ba a ba sabon shiga hutu.

"Souwaiba, kin san abin da nake yi ran Lahadi?" in ji shi. "Ina zuwa tashar Namba in tsaya. In ga jirgin Nara ya zo, mutane su shiga da 'ya'yansu da jakunkunansu, ya tashi. In koma gida. Abokaina sun ɗauka na samu taɓin hankali."

Hawaye ya ɓata mini kwallin. "Ka yi haƙuri."

"Na yi. Ba na jin haushin ɗakin, wallahi. Da ina nan da ni zan fara shiga cikin laka. Abin da ya sa na so ki ke nan, ba kya iya wuce abu ya lalace. Amma ni ma ina lalacewa a nan, ba ki gani ne don ba tsaga a jikina."

"Kada ka ce haka."

"Bangon Agadas ba zai ƙare ba. Bana na Kaka, baɗi na wani. Ina so in san ko akwai shekarar da zan zo gaban bango." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ba zan sake neman wata takarda ba, Souwaiba. Ba fushi ba ne, ƙarfina ne ya ƙare. Ranar da muka sa, zan shiga jirgin nan. Ina roƙon Allah kina gefena."

Rezo bai yanke ba, layin yana nan. Muna kallon juna Biba ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya Issouf, a bar ta haka, za ta kira ka."

Tun lokacin saƙo ɗaya ya turo: "Kin ci abinci?" Na amsa, "Na ci." Ƙarya nake.

Ina son mutumin nan. Ina so in zauna kusa da shi a jirgin da ban taɓa gani ba, kafaɗata tana taɓa tasa, ba gilashin salula a tsakaninmu. Ina so in ji maganar da ya ajiye mini. Kuma ina so in fita daga ƙofar da Innata ta fita, da lallen Kaka a hannuna, in bar ɗakin a tsaye. An ce mini in zaɓa. Na ƙi. Ba dole ba ne in zaɓa, in dai mutanen garin nan za su ba da safiya ɗaya.

Don haka ku saurara, ku da kuke cika mini akwatin saƙo da "ya ake ciki da Issouf?" Ga yadda ake ciki. Ƙasa tana jibge a bakin lungunmu na Amarewat, kara yana nan, ganguna suna bakin titi. Kaka ta sa an surfa gero, Biba ta sayo goro, Malam Gambo zai tsaya a kan aikin. Abin da babu shi ne ku.

Kada ku turo mini zuciya. Kada ku rubuta "Allah ya kyauta". Ke da kika tambaya ko yana da ƙane, ki zo da yayanki. Kai da kake wucewa da moto, ka kafe ta ka naɗe wando. Ɗaliban jami'a da muke cika baki tare a kan gadon kakanni, ga gadon nan ya tsage, ku zo ku taka laka. Wanda ke nesa ya kira ɗan'uwansa da ke gari ya turo shi. Asabar ɗin nan, da an sallame sallar asuba, ku tambayi gidan Nana Khadija, kowa zai nuna muku. Ku zo da bokiti, ku zo da tsofaffin kaya, ku cire takalma a ƙofa ku shiga cikin ƙasar nan da ƙafafunku.